Tafireta da Baturen da ya saba mutuwa

Jiya wata ɗalibar jami'a ta shigo shagon ɗana a Sabon Gari, inda nake zaman hantsi, ta ba da aikinta a buga mata. Kafin in gama gaisawa da maƙwabci har an buga, an gyara, an fitar. Da ta hangi tsohuwar tafiretata a lungu sai ta ce, "Baba, ai naku ma danne-danne ne kawai, ko?" Na ce ta zauna in ba ta labari. Ba ta zauna ba, wai tana da lacca. To ku da kuka zauna, ku saurara.

Sunana Habu. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina buga wa mutane takardu a gindin wata darbejiya kusa da kotu a nan Wudil. Kayan aikina tebur ne da benci da tafireta, sai farar takarda da kabon na yin kwafi da ribin mai tawada. Akwai reza ta kankare kuskure, da tsohon buroshin haƙori da nake tsomawa a kananzir in wanke haruffa, da man keken ɗinki. Akwai kuma duwatsu huɗu na danne takardu, waɗanda na tsinto a bakin kogi. Ku in kun yi kuskure sai ku danna abu ɗaya ya ɓace. Mu in takarda kwafi uku ce, kuskure ɗaya ya zama uku. Sai ka ɗaga ta sama ka kankare, ka ɗaga kabon ka kankare ta biyu, ka kankare ta uku, kana lallaɓawa kada ka huda, mai takarda yana tsaye a kanka yana tambaya ko an gama.

Kuma tafireta ba ta san Hausa ba. Babu ƙa, babu ɗa, babu ɓa. In ka gama bugawa sai ka ɗauki biro ka bi layi-layi kana sa wa haruffa lanƙwasa da hannu. A shekarata ta farko na buga wa wani manomi koken gona, inda yake cewa shaidar da abokin shari'arsa ya kawo ƙarya ce. Na manta lanƙwasa ɗaya. Aka karanta a gaban alƙali cewa shaidar da ya kawo karya ce. Shaidar kuwa gwaggon mutumin ce, tsohuwa mai jikoki. Ita da kanta ta zo har gindin darbejiya da sandarta, kuma ba gaisuwa ta zo yi ba.

Wanda ya koya mini aikin shi ne Malam Garba, tsohon akawun En'e. Ina da shekara ashirin na je wurinsa, na gama firamare na rasa abin yi. Wata shida ban buga harafi ɗaya ba, sai wanke haruffa da naɗe ribin. Da ya ɗora ni a kan tafireta, sai ya rufe mini hannu da rawaninsa don kada in kalli maɓallai, ya zauna gefe da rula. In ya ji sautin da bai yi masa ba, tun kafin ya duba takarda rula ta sauka. Shi ya koya mini cewa in mai koke ya zo, kada in taɓa tafireta sai ya gama zagi. In ya gama, abin da ya rage shi ne koken. Da idonsa ya raunana ya bar mini tafiretar. Lahaninta ɗaya: harafin "r" yana ɗan zamewa ƙasa da layi, kamar mai ɗingishi. Duk Wudil an san takardata da wannan.

Aikin da na fi tunawa shi ne na wani Bature ɗan Ingila. Ya zo koyar da Turanci a wata makarantar horon malamai, wa'adinsa ya ƙare, ya ƙi komawa. Ya kama haya kusa da kogi, yana yawo a kan tsohon keke mai kwando. Dogo ne siriri, gashi fari fat, amma in ya yi magana sai ka ce masunta na tsallake yake kira. Yana jin Hausa sosai, sai dai har ya bar garin nan bai raba namiji da mace ba. Kowa "ke" ne a wurinsa, har liman.

Wata rana da hantsi ya jingine kekensa ya ajiye mini damin takardu, ya ce, "Malam Habu, kin iya buga littafi?"

Na ce, "Bature, in dai haruffa ne, zan buga."

Na duba rubutun. Ban taɓa ganin irinsa ba, kamar an tsoma kiyashi a tawada an sake su. Na ce masa wannan sai dai ya zauna ya riƙa karanta mini. Ya ce hakan ma ya fi masa. Muka shirya kullum bayan azahar, lokacin da kotu ta tashi. Turancina na koke ne, na "ina mai ƙasƙantar da kai ina roƙo", don haka da farko kalma-kalma yake harhaɗa mini. A hankali kunnena ya buɗe.

A lokacin hutu, in na tsaya sa mai ko juya ribin, yake ba ni tarihinsa. Ashe kafin koyarwa ɗan wasan kwaikwayo ne a ƙasarsu, na dandali da na sinima, shekara ashirin. Amma a duk shekarun nan bai taɓa kaiwa ƙarshen wasa da rai ba. Shi ake soka wa wuƙa, shi ake harbi, shi ake jefowa daga bene, kuma tun a farko-farko, don sauran su sami abin bincike. Masu shirya wasa sun ce fuskarsa ta dace da gawa. Ya ce mahaifiyarsa takan biya kuɗin sinima ta shiga, ta gan shi minti biyar, a kashe shi, ta tashi ta tafi cefane.

Na ce, "To me ya raba ka da aikin?"

Ya ce wata rana yana kwance a dandali a matsayin gawar waziri, an lulluɓe shi, babban ɗan wasan yana tsaye a kansa yana kuka, sai maganar da zai faɗa ta ɓace masa. Aka yi tsit. Ɗaki cike da jama'a. Bature ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, sai ya ɗaga murya daga cikin mayafi ya tuna masa. Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa a ganinsa layin ma ba shi da daɗi, ga yadda ya kamata a ce. A ranar aka sallame shi. Shi ne ya ce tunda ya fi marubutan iyawa daga kwance, bari ya gwada a zaune.

Littattafansa biyu sun fito kafin ya zo nan. Na farko a kan wani gidan haya ne da 'yan wasa marasa aiki suka cika, kowa yana yi wa mai gidan kwaikwayon mai arziki. Na biyu a kan wani mutum da ya shiga jirgin ruwa ya ƙi sauka, shekara da shekaru, duk tashar da aka je sai ya ce ta gaba. A cikin littattafan biyu ba wanda ya mutu, ko kyanwa. Ya ce hannunsa ba ya iyawa, ya san yadda ƙasa take da sanyi. To masu buga masa littafi suka rubuto masa cewa masu karatu gawa suke so, in na uku ba gawa kada ya aiko. Wannan na ukun shi muke bugawa, labarin wani gari a bakin kogi lokacin zaɓe.

Matsalarsa ita ce ba ya iya karanta abu a zaune. In mutumin cikin labari ya fusata, sai ya miƙe ya daki teburina. In mace ce ke kuka, sai ya ja hularsa ya rufe fuska ya yi ta shessheƙa. Ranar da ya fara gwada yadda za a mutu, ina buga wani layi sai na ji ƙara. Na ɗago na gan shi ya dafe maƙogwaro, idanu sun juye, ya yi taga-taga ya faɗi ƙasa tim, ƙafa ɗaya ta yi shure-shure ta tsaya. Mai goro ya yi salati. Mata masu ƙosai suka saki kururuwa. Kafin in tashi an kewaye ni, wani yana cewa ya ga lokacin da na miƙa masa ruwa. Sai gawar ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Malam Habu, wannan ta yi, ko in sake?" Daga ranar aka sa masa Mai Mutuwa. Har mutane suka riƙa zuwa da tabarmi bayan azahar.

Wannan duk a 1979 ne, shekarar da soja suka shirya miƙa mulki ga farar hula. Mai tafireta bai taɓa ganin shekara irinta ba. Takardar gayyatar taro, takardar neman izinin taro, koken cewa 'yan waccan jam'iyya sun yage tuta, koken cewa su ne suka fara yagewa. Ina buga wa kowa. Cikin manyan masu kawo mini aiki akwai Alhaji Ɗanladi, dillalin shanu, wanda ya tsaya takarar majalisar jiha. Mutum ne mai jiki, mai son a ji shi. Duk Juma'a, in kasuwar shanu ta ci ta lafa, yakan zauna a gindin tsamiya, wata Bafillatana mai suna Hari ta dama masa fura a ƙwaryarsa ta musamman.

Wata Talata da damina, na gama buga wa Alhaji wasiƙu na jera su, ga kuma shafukan Bature a gefe, sai hadari ya taso ba shiri. Iska ta fi ƙarfin duwatsuna. Takardu suka tashi sama kamar balbelu. Jama'a suka taya ni tsinta, wannan ya miƙo biyu, wancan ya miƙo uku, na cusa cikin jaka muka ruga rumfa. Da yamma na miƙa wa Alhaji nasa. Ban ƙirga ba. Wannan laifina ne, kuma Malam Garba da yana gani da rula ta karye.

Cikin wasiƙun akwai shafi ɗaya na littafin Bature. Da shafin labari ne sosai da an gane. To wasiƙa ce da wani mugu a cikin labarin ya rubuta wa abokinsa, ita kaɗai a shafi, ba suna ba sa hannu. Alhaji ya ga Turanci ya kira surukinsa malamin makaranta ya fassara masa. Ga abin da take cewa: ranar Juma'a, in dillalin shanun ya zauna a gindin tsamiya ya karɓi ƙwaryarsa, aiki ya ƙare. Mai furar ba ta san komai ba. Kada ka zo kasuwa.

A Wudil ɗan takara dillalin shanu mai shan fura a gindin tsamiya guda ɗaya ne. Tafireta mai "r" ɗin da ke ɗingishi ita ma ɗaya ce.

Washegari da safe ina share ƙarƙashin tebur sai ga Saje da ɗan sanda ɗaya. Saje ya ce an kama ni, an kama tafireta. Ɗan sandan ya ɗora ta a ka, na bi su a baya ina roƙon ya riƙe ta da hannu biyu. Ofishin 'yan sandan ɗan ƙarami ne a wancan lokacin, an daɗe da rushe shi. Sufeto yana zaune, Alhaji yana gefe yana huci, wasiƙar tana kan tebur an danne ta da kofin shayi.

Sufeto ya ce a ɗauki jawabina. Saje ya ce tafiretar ofis ta lalace tun bara. Sai Sufeto ya kalli tawa, ya kalle ni, ya ce, "Zauna."

Haka na zauna na buga jawabin kaina, kwafi uku. Sufeto ya yi tambaya in buga, in ba da amsa in buga. Da na ce ban san komai ba game da guba, ya ce in buga cewa wanda ake tuhuma ya yi gardama. Na buga. Ya duba ya ce aikina yana da tsabta, ya miƙo mini jadawalin masu gadi na watan, tunda dai ina zaune.

Ina cikin jadawalin sai ga Bature ya faɗo da keke har cikin ofis. Ya ɗauki wasiƙar ya rungume, ya ce tun jiya yake nemanta, shafi na ɗari da goma sha biyu ce. Ya yi wa Sufeto bayani cewa labari ne ƙagagge, shi ya rubuta.

Sufeto ya ce, "Wato ka amsa kai ka rubuta."

"Ni na rubuta, amma ba ni na rubuta ba. Wani mutum ne a cikin littafin."

"Waye shi?"

"Ban yanke shawara ba tukuna. Ina zargin mutum uku."

Sufeto ya jawo biro. "Faɗi sunayensu."

Bature ya ce ba su da rai. Sufeto ya ajiye biron a hankali ya ce, "Su ma an kashe su?"

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Yallaɓai, a bar wannan. Ni tambaya ɗaya gare ni. Kai Mai Mutuwa, wannan dillalin na cikin littafinka, ni ne ko ba ni ba ne?"

Bature ya sunkuyar da kai. Ya ce ya ɗan ari tsamiyar da ƙwaryar, da tafiyar, da yadda yake gyara hula in zai yi ƙarya a ciniki.

"To na mutu ko ban mutu ba?"

"Kin mutu, Alhaji. Babi na tara."

Alhaji ya yi salati ya zauna. Sufeto ya ce shi har yanzu bai yarda wasa ba ne, don bai taɓa ganin wanda ya zauna ya ƙirƙiro wa kansa laifi ba. Bature ya ce to bari ya nuna musu. Ya ɗauki kofin shayin Sufeto, ya tura ciki gaba, ya gyara hular da babu a kansa, nan take kowa ya ga Alhaji Ɗanladi. Saje ya juya baya yana tari. Bature ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa, ya kurɓa, ya lashe leɓe, ya ƙara kurɓa. Sai ya tsaya. Ya dafe ciki, ya yi wani gurnani, ya birgima har ƙarƙashin teburin Sufeto, ƙafafu suna dukan katako, sannan ya sandare baki buɗe.

Ba wanda ya yi motsi. Alhaji ya tashi ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Yanzu ni ne wannan? Ni zan mutu ina birgima kamar akuyar da ta ci rogo? A tsakiyar kasuwa, a gaban abokan cinikina? Ko salati babu! Ina 'ya'yana? Ina jama'ar da za su taru? Yallaɓai, gubar ma na yafe, wannan wulaƙancin ne ban yafe ba."

Daga ƙarƙashin tebur Bature ya ce ana iya ƙara salati.

Aka yi ta ciniki har la'asar, kuma ku tuna ciniki sana'ar Alhaji ce. Bature ya ce shekara ashirin da wani abu yana neman ƙarfin halin kashe mutum ɗaya a takarda, yanzu da ya samu ba zai saki ba. Ya yi tayin mutuwa a gado cikin mutunci. Alhaji ya ƙi. Ya yi tayin a ɗaga ta zuwa babi na ƙarshe. Alhaji ya ce ko shafin ƙarshe ne bai yarda ba, ana saura 'yan makonni zaɓe, wa zai jefa wa gawa ƙuri'a? A ƙarshe aka daidaita: dillalin ba zai mutu ba, zai ci zaɓe, kuma za a rage masa tumbi. Ni na buga yarjejeniyar, suka sa hannu, Saje ya yi shaida.

Aka ce in tafi. Na sa hannu zan ɗauki tafireta, Sufeto ya dafe ta. Ya ce shaida ce, za ta zauna har a ga Juma'a ta wuce lafiya. Juma'a ta wuce, Alhaji bai ko yi atishawa ba. Na koma, aka ce wasiƙar ba ta faɗi wace Juma'a ba.

Wannan ita ce muguwar shekarata, a tsakiyar shekarar da ta fi kowace aiki. In na wuce ta bayan ofishin ina jin tafiretata tana kuka a hannun wani mai buga ta da yatsa ɗaya kamar yana kashe kunama. Na koma gindin darbejiya da biro, amma wanda ya saba ganin kokensa da haruffan gwamnati ba ya yarda da rubutun hannu. Mutanen Alhaji suka ce ni ɗan waccan jam'iyya ne. 'Yan waccan jam'iyya suka ce da ni nasu ne ai da aikin ya yiwu. Takardun zaɓe duk aka riƙa kai su Kano a mota. Na tafi Lajawa na kama wa kawuna noman gero kwana huɗu a mako. Yatsun da suka saba da maɓalli suka yi kanta, har na ji tsoron ko tafiretar ta dawo ba za su gane ta ba.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Alhaji ya daina shan fura a kasuwa, jama'a suka bi shi. Wata Juma'a Hari ta sauke ƙwaryarta a kan teburina, ta ce, "Kai mai injin, kai ka ɓata mini nono, kai za ka gyara." Ta tasa ni gaba har gindin tsamiya, ta dama fura a ƙwaryar Alhaji da kanta, ta ce in sha a gaban kowa. Na sha. Ta ce in zauna a gan ni. Na zauna awa guda mutane suna zagaye da ni suna jira. Da ban faɗi ba aka fara saye. Ta mayar da abin ƙa'ida, duk Juma'a sai na je na buɗe mata kasuwa. Ban yi musu ba, don a wancan lokacin wannan furar ba ƙaramin taimako ba ce. Bature yakan tsaya can nesa da kekensa yana kallona, yana rubuta wani abu a ɗan littafin aljihu.

Aka yi zaɓe, Alhaji ya faɗi. Aka rantsar da farar hula. Na koma ofis na ce, "Yallaɓai, Juma'o'i sun ƙare?" Sufeto ya ce yanzu mulkin doka ne, ba a yin abu da baki kamar lokacin soja. In kawo takardar neman a sako kayan shaida, kwafi uku, bugaggiya. Na ce da me zan buga? Ya ce wannan ba matsalar ofis ba ce. Muka kalli juna. Can ya ce in ina so zai ara mini tasu, ya nuna tawa. Na zauna a gaban tafiretata na buga roƙon a ba ni ita. Ya karanta, ya sa hannu, ya ce kafin in tafi ga jadawalin masu gadi.

Kwana biyu na yi ina wanke ta. Ribin ya zama tsumma, akwai ɓawon gyaɗa a cikinta, an ɗaure mata wani ƙarfe da zaren buhu. Rana ta uku Bature ya zo da sauran babobin. Wannan karon bai miƙe ba, bai daki tebur ba, ya zauna a benci yana karantawa a hankali kamar mai karanta takardar asibiti. Muka shiga babi na tara. Ga kasuwa, ga tsamiya, ga dillali ya zauna, an miƙo masa ƙwarya. Sai ga wani mai buga takardu ya iso, wanda aka ƙwace wa injinsa, yunwa ta dame shi. Dillali mai kirki ya ce masa bismilla, fara sha.

Na ɗaga hannuna daga maɓallai. Na ce, "Bature, wannan mai buga takardun, a gindin wace bishiya yake zama?"

Ya ce, "Darbejiya."

"Ya sha?"

"Malam Habu, na yi alkawari Alhaji ba za ta mutu ba. Su kuma can suna jiran gawa. Dole wani ta sha."

Na ce ai akwai Sufeto. Ya ce ya yi tunanin haka, amma bizarsa tana hannun hukuma.

Na kalli shafin da ke jikin tafireta. Sannan na gyara takarda na ce ya ci gaba. Shafi huɗu aka yi ana mutuwar nan, kuma gaskiya ya kyauta mini. Ban yi birgima ba. Na jingina da tsamiya, na yi wasiyya a kan tafireta, kasuwa ta tsaya cik, har shanu suka yi shiru. A wuri ɗaya kawai na sa baki, inda ya ce yatsuna goma sun yi sanyi. Na ce masa babban yatsan hagu ba ya aiki a tafireta, ya rubuta tara. Ya gyara. Shafi huɗun nan ban taɓa reza ba ko sau ɗaya. Bayan wata biyu ya tattara littafinsa ya koma ƙasarsu, aka buga shi can, ya aiko mini da kati cewa shi ne ya fi sauran karɓuwa.

Amma tun kafin ya tafi labari ya kai kunnen Alhaji. Wata Asabar da hantsi ina buga wa wani takardar neman aiki, sai na ga Alhaji Ɗanladi tafe da mutum shida, duk sun sha manyan riguna, ba mai magana. Suka shimfiɗa tabarma a gaban teburina suka zauna. Alhaji ya ajiye ƙullin goro, ya cire hula ya mayar, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, "Malam Habu, mun ji abin da ya faru. Ya haƙuri?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya rasu?"

Ya ce, "Kai. An ce furar tawa ce, kai ka sha. Mutum ya yi maka irin wannan, ai ba ka zauna a gida ba."

Mutanensa suka ce, "Ya ƙarin haƙuri." Mai neman aikin ya tashi daga benci ya koma tabarma ya zauna tare da su. Alhaji ya ɗaga hannu aka shafa. Sannan ya zaro wani damin takardu daga aljihun babbar riga ya ɗora a kan tebur, koken zaɓe ne, ya ce yana so kafin Litinin, kwafi biyar.

Ya ce, "In dai jikin naka zai iya."

Na ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe." Na jawo kabon.